Takalmin da ke wankuwa: Abin da uwargida za ta duba kafin ta biya, da yadda za ta kula da shi

A wannan mako za mu sauko ƙasa ne mu duba takalmin da uwargida da 'yan mata ke sawa yau da kullum, musamman irin wanda ake iya wankewa da ruwa da sabulu, ganin cewa damina na ƙaratowa.

Wataƙila wata ta ce me ya haɗa takalmi da shafin lafiya? Abin da ya haɗa su shi ne ƙafa. A kowace ƙafa akwai ƙasusuwa 26, kuma ƙafafun mutum biyu na ɗauke da kimanin kafofin gumi 250,000. Duk gumin da suka fitar cikin takalmi yake tsayawa. Idan ya haɗu da ƙura da ɗumi, sai takalmin ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Daga nan ake samun wari, da ƙaiƙayi da ruɓewar tsakanin yatsu, da gyambon da ke ƙin warkewa ga masu ciwon suga.

Yanayin garinmu

Duk wadda ke zaune a Maiduguri ta san takalmi ba ya samun hutu a garin nan. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, yashi da kwalta su yi zafin da zai iya ratsa siririn silifas ya ƙona tafin ƙafa. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, lunguna kan cika da ruwa da taɓo. Hunturu kuma ya zo da ƙura da faso. Ga shi tun 2011 aka hana hawa babur a cikin gari, don haka inda Keke Napep ya sauke ki a bakin titi, da ƙafa za ki ƙarasa gida.

Ba kuma za mu manta da ranar 10 ga Satumban 2024 ba, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da wani sashe na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ambaliyar da ba a ga irinta ba tun 1994. Mata da yara sun yi tafiya mai nisa cikin ruwan da ya cakuɗa da na masai da na kwata, a ƙarƙashinsa ga kwalabe ga ƙusoshi. A watan Oktoban 2024 gwamnatin jiha ta sanar da ɓullar kwalara. Allah Ya kiyaye na gaba. Amma ko ruwan sama na awa ɗaya ya isa ya haɗa ruwan lungu da na lambatu, kuma abin da takalmi ya kwaso a waje har ɗaki yake kai shi, inda yara ke rarrafe.

Ba kowane takalmi ke son ruwa ba

Kafin a je kasuwa ya kamata uwargida ta san ire-iren da ke akwai.

Na farko shi ne na roba mai laushi marar nauyi, irin Crocs da dangoginsa da suka cika kasuwa. Ba ya shan ruwa, yana bushewa cikin mintuna, yana da daɗin takawa. Babban abokin gabarsa zafi ne: idan ya sha rana sai ya tsuke ya lanƙwashe.

Na biyu shi ne na roba mai tauri da sheƙi, wanda wasu ke kira jeli. Yana jure wanki ƙwarai, amma iska ba ta ratsa shi, don haka yana tara gumi, kuma idan ciki ya jiƙe ƙafa kan riƙa zamewa.

Na uku shi ne kambas da takalman da aka saƙa samansu da zare. Su ne suka fi barin ƙafa ta sha iska, sun dace da malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti ko ɗalibar da ke yini a tsaye. Sai dai suna shan ruwa, suna kuma daɗewa ba su bushe ba.

Waɗanda ba a tsoma su a ruwa su ne na fata, da na leda mai kama da fata, da masu duwatsun ado da aka liƙa da gam. Fata idan ta jiƙe ta bushe sai ta ƙandare ta tsattsage, ledar kuma ta fara ɓarewa. Waɗannan sai dai a goge su da tsumma mai ɗan danshi, a ajiye su don biki da ziyara.

Idan kin shiga kasuwa

Ko a Kasuwar Monday ne, ko Gamboru, ko wajen masu shimfiɗa kaya a Post Office, ko kayan Aba ne, ko na masana'antun roba na Kano, ko na China, abubuwan dubawa ɗaya ne.

Ki je da yamma. Ƙafa na ɗan kumbura bayan yinin zirga-zirga, musamman lokacin zafi. Takalmin da ya yi miki cif da safe zai iya matse ki bayan La'asar.

Ki gwada ƙafa biyun, a tsaye, ki ɗan taka. Yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma, don haka da babbar ake auna takalmi. Kada ki dogara da lamba. Lamba 39 ta wani kamfani tana iya zama 38 ta wani. A takalmin da ke rufe yatsu, ki bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannunki tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin. Idan mai kaya ya ce, "Hajiya ki ɗauka, zai buɗe," ki tuna cewa fata ce ke buɗewa. Roba yadda kika saye ta haka za ta zauna, in ma ba ta ƙara tsukewa ba.

Ki nemi a ɗauko miki daga cikin kwali ko buhu. Ƙafar da aka rataye a bakin shago don talla ta sha rana da ƙura, sau da yawa ta koɗe ta kuma ɗan motse. Ki haɗa tafin biyun ki ga ko tsawonsu ɗaya, ki kuma duba launinsu a waje cikin haske.

Ki lanƙwasa shi. Takalmi mai kyau yana lanƙwasuwa ne a daidai gindin yatsu, inda ƙafa ke lanƙwasuwa. Wanda ya naɗe gida biyu daga tsakiya kamar tabarma ba zai tallafi tafin ƙafa ba, kuma irinsa na cikin abubuwan da ke jawo ciwon dunduniyar nan da ake ji idan an fara taka ƙasa da asuba. Yayin da kika lanƙwasa, ki lura da bakin haɗin sama da ƙasa. Idan ya buɗe har kina hango gam, wanki biyu zai raba su. Wanda aka zuba robarsa gaba ɗaya ba haɗi, ko wanda aka ɗinke, shi ya fi jure ruwa.

Ki juya ƙasansa. Ya kasance yana da zane mai zurfi da zai kama ƙasa. Gidaje da yawa yanzu tayil ne a banɗaki da tsakar gida, kuma faɗuwa a kan jiƙaƙƙen tayil ba ƙaramin hatsari ba ce ga mai juna biyu ko tsohuwa, wadda karayar ƙugu kan iya kwantar da ita na watanni.

Ki ɗaga shimfiɗar ciki idan tana ɗaguwa. Wasu takalman masu kyan gani kwali ne aka shimfiɗa a ƙarƙashi. Ranar da ruwa ya shiga, kwalin zai kumbura ya ruɓe, warin kuma ba zai sake fita ba. Wanda shimfiɗarsa ke cirewa a wanke ta daban ya fi.

Ki zura hannu ki shafa ciki. Duk wani kaifin roba ko ƙullin zare da yatsanki ya ji, shi ne bororon gobe. Ki kuma goga farin hankici mai danshi a jikinsa. Idan launi ya fito, haka zai fito a ƙafarki da safarki.

Mai sa lifaya ta kula da maɗaurin ƙarfe da duwatsu masu tsini, domin suna kama bakin lifaya su yage ta, wani lokacin ma su harɗe mutum wajen sauka daga Keke. Ƙarfen kuma yana tsatsa idan ana yawan wanki. Na yawon yau da kullum kada tudun dunduniyarsa ya wuce santimita 4 zuwa 5.

Game da gwanjo, akan dace da mai ƙarko, amma akwai nau'in robar ƙasan takalmi da ke lalacewa da kanta idan ta daɗe a ajiye, ko da ba a taɓa sawa ba. Ki danna farce a ƙasansa. Idan yana marmashewa ko yana danƙo, to ya gama yayi. Idan kuma kika ga shatin ruwa a ciki, ko tsatsa a kafofin igiya, ko kika ji warin rima, kayan sun taɓa jiƙewa a ajiye. Duk takalmin gwanjo sai an wanke shi ya bushe sarai kafin a sa.

Masu saye ta WhatsApp da Instagram kuma, ki taka farar takarda, a zana ƙafarki, a auna tsawon da santimita, ki aika wa mai kayan. Ki kuma yi magana a kan canji tun kafin ki tura kuɗi.

Kuɗi sun yi wuya, kowa ya sani. Amma silifas ɗin da hancinsa zai tsinke bayan mako uku, a sake sayen wani, a ƙarshen shekara ya fi mai ƙarko tsada. Hausawa suka ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Yadda ake wanki

Da farko a bar taɓo ya bushe, a buga takalman da juna, a kakkaɓe da buroshi. Wannan yana rage ruwan da za a kashe, abin da duk mai sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa za ta so.

Na roba ba shi da wuya. Ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi kaɗan, da sabulu ko ɗan omo, da soso mai laushi. Tsohon buroshin haƙori shi ke shiga zanen ƙasa da gindin hanci, inda dauɗa ta fi taruwa. Kada a yi amfani da soson ƙarfe, domin yana karce robar, dattin kuma ya samu wurin maƙalewa. Kada a goge shi da kananzir ko fetur, suna cin roba.

Kambas da na saƙa, a cire igiya da shimfiɗar ciki a wanke su daban. A kaɗa omo kaɗan a ruwa, a riƙa tsoma buroshi ana gogawa a hankali. Kada a jiƙa shi ya kwana a baho, kada kuma a zuba masa tafasasshen ruwa, domin duka biyun suna sakin gam. Ɗauraya ita ce sirrin. Shatin rawayar da ke fitowa a farin kambas bayan ya bushe, galibi ragowar omo ne da ba a ɗauraye ba. A ɗauraye har sai ruwan ya daina kumfa. Wasu kan lulluɓe farin kambas da farar takardar tishu yayin da yake jiƙe, idan ya bushe sai a ɓare, shatin ya biyo takardar.

Mai injin wanki ta fara tabbatar da cewa takalmin irin wanda aka yarda a sa a inji ne. A sa shi cikin rigar filo a ɗaure, a haɗa da tsohon tawul, a zaɓi ruwan sanyi da juyi mai sauƙi.

Shanya

A nan ne mafi yawan takalma ke mutuwa. Ranar Maiduguri ba ta wasa. Kada a shanya takalmin roba a kan rufin kwano, ko kan siminti da tsakar rana, ko kusa da murhu, kada kuma a bar shi a cikin mota a rufe. A jingina shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, kamar baranda ko gindin dalbejiya, wadda Allah Ya hore wa garin nan. Kambas a cusa masa farar takarda ko busasshen tsumma a riƙa canzawa. Jarida na shanye ruwa sosai, amma tawadarta kan ɓata farin takalmi.

Kada a sa takalmin da bai gama bushewa ba. Shi ya sa ya fi kyau a samu ƙafa biyu ana musanyawa, wanda aka sa yau ya huta gobe. Kada kuma a ɗaure takalmi cikin leda a jefa ƙarƙashin gado, musamman da damina.

Matan Borno an san su da turaren wuta da humra, ba wanda zai ja da wannan. Amma turare ba ya kashe ƙwayoyin da ke kawo warin takalmi, rufe shi kawai yake yi na ɗan lokaci, kuma kara takalmin roba a kan kasko na iya narkar da shi. Maganin wari wanki ne da bushewa. Bayan haka ana iya barbaɗa cokali ɗaya na bekin soda a ciki ya kwana, a kakkaɓe da safe. Amarya da ƙawayenta kuma su sani, lallen da bai gama kamawa ba yana rina roba mai haske, kuma da wuya ya fita.

Idan an shiga ruwan kwata

Duk takalmin da ya shiga ruwan lambatu ko na ambaliya a cire shi a ƙofar gida. A wanke da sabulu tukuna, domin bilic ba ya aiki sosai a kan datti. Sannan a zuba cokali 2 na cin abinci na bilic irin su Hypo ko Jik a lita 1 ta ruwa, wato kimanin leda biyu ta fiya wata, a tsoma takalmin roba na minti 10, a ɗauraye da kyau. Bilic yana koɗar da kambas mai launi, shi sai sabulu da bushewa sosai. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan kal ko wani maganin wankin banɗaki, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke cutar da huhu. A ajiye shi nesa da yara, kada kuma a juye shi a gorar lemo.

Ita ma ƙafar a wanke ta da sabulu, a duba ko akwai yanka, a wanke hannu kafin a taɓa abinci ko jariri. Idan ƙusa ko kwalba ta soki mutum, a je asibiti a ranar domin a wanke ciwon a kuma duba batun allurar tetanos. Toka ko man birki ko ƙasa ba maganin ciwo ba ne.

Ƙafar da ke cikin takalmin

Muna wanke ƙafa sau da yawa a yini saboda alwala, wannan alheri ne. Kuskuren shi ne zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin rufaffen takalmin roba. Tsakanin yatsu, musamman na huɗu da ƙaramin, shi ne wurin da ƙwayar da likitoci ke kira fangas ta fi so. Alamarta ƙaiƙayi ne, da fatar wurin ta yi fari ta jiƙe tana saɓulewa, wani lokaci ta tsage. A riƙa tsane tsakanin yatsu da tawul. Mai sa rufaffen takalmi ta sa safar auduga, ta canza kullum.

Wannan ƙwaya tana yaɗuwa ta silifas ɗin banɗaki da kowa ke sawa, a gida ko ɗakin kwanan ɗalibai ko gidan biki. In da hali kowa ya samu nasa, kuma na banɗaki ya tsaya a banɗaki. Idan cutar ta kama, akwai man shafawa na fangas da ake amfani da shi na makonni 2 zuwa 4, kuma a ci gaba har ƙarshen wa'adin ko da ƙaiƙayin ya tsaya. A guji mayukan nan masu haɗe-haɗe da na bilicin, domin da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi yana kuma ba ƙwayar damar yaɗuwa. Idan ba a ga sauƙi ba, ko farce ya fara kauri yana canza launi, a ga likita.

Wasu kuma jikinsu ba ya son sinadaran roba. Idan kika ga ƙuraje sun fito daidai shatin maɗaurin takalmi a ƙafa biyun, ki ajiye shi ki koma na yadi ko na fata.

Masu ciwon suga da masu juna biyu

Wannan sashe a karanta wa iyayenmu da kakanninmu. Ciwon suga idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, har tsakuwa ta yini cikin takalmi mutum bai ji ba. Ƙaramin bororo na iya zama gyambo, gyambo kuma ya kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Mai ciwon suga kada ta taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. Silifas mai hanci da jeli mai tauri ba nata ba ne. Ta nemi mai faɗi, mai laushin ciki, mai rufe yatsu, ta sa da safa. Sabon takalmi ta fara sa shi na awa ɗaya ko biyu, ta cire ta duba. Kullum da dare a duba ƙafar, har da tafi da tsakanin yatsu, in idonta ba ya gani sosai 'ya ko jika ta duba mata. Duk wani ciwo, komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibitin da ya fi kusa, ko Asibitin Ƙwararru na jiha ko na Koyarwa, kada a jira ya yi wari.

Mai juna biyu ƙafarta kan kumbura, wasu ma lambar takalminsu kan ƙaru bayan haihuwa. Ta nemi marar tudu mai kama ƙasa. Amma idan kumburin ya zo farat ɗaya, ya haɗa da fuska da hannu, ko ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, wannan ya wuce batun takalmi, a garzaya wajen awo a auna jininta.

Kowa kuma ya saba da kakkaɓe takalmi kafin ya sa, musamman wanda ya kwana a waje. Kunama na son irin wannan wuri.

Yaushe ake rabuwa da shi?

Idan zanen ƙasa ya shafe ya zama sumul, ko dunduniya ta cinye gefe ɗaya har takalmin na karkata, ko wari ya ƙi fita bayan wanki, to lokacinsa ya yi. Hancin da ya tsinke ko bakin da ya ɗage, shumeka zai gyara da kuɗi kaɗan, kuma a ce masa ya ɗinke, kada ya tsaya a gam kawai. Abin da ba a so shi ne riƙe hancin silifas da ƙusa ko waya, wanda ake yawan gani a ƙafar yara. 'Yan mata 'yan makaranta kuma a riƙa duba takalminsu kowane zangon karatu, domin ƙafarsu na girma, kuma ba kowace yarinya ce za ta faɗa yana matse ta ba.

Maigida, kai ma akwai naka. Idan ana lissafin kayan damina, ana gyaran rufi da yashe kwata, a sa takalmin uwargida da na yara a ciki.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya da cututtuka, Ya ƙara wa Jihar Borno da ƙasa baki ɗaya zaman lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.